Filin Tambayoyin Kimiyya: Ƙwallon da Ya Dawo daga Bango da Motar da Ta Lotse

Wasiƙu uku na zaɓa a wannan makon, kuma ko da yake ɗaya daga aji ta fito, ɗaya daga garejin gyaran mota, ɗaya kuma daga gidan mafarauta, duk a kan babi ɗaya na darasin fiziks suke tambaya, wato babin da littattafan makaranta da takardun jarrabawa ke kira momentom da imfols.

Tambaya ta farko, daga wata ɗaliba 'yar aji biyu na babbar sakandare a Gusau:

“Assalamu alaikum, Malam, Allah ya ƙara basira. An ba mu lissafi cewa ƙwallo mai nauyin kilogiram 0.45 ya doki bango yana gudun mita 10 a sakan, sannan ya dawo baya da gudun mita 8 a sakan, aka ce mu nemo imfols ɗin da bangon ya yi masa. Na ɗebe 8 daga 10 na sami 2, na ninka da 0.45 na sami 0.9, amma malaminmu ya ce amsar ita ce 8.1. Ina kuskurena yake? Kuma gaskiya har yanzu ban gane abin da ya raba imfols da momentom ba.”

Wa alaikumus salam, 'yata. Malaminku yana kan daidai, amma kafin mu je ga inda kika zame, bari mu fara daidaita kalmomin biyu, domin wanda bai riƙe su da kyau ba zai ta haddace lissafi ne yana mantawa.

Momentom shi ne adadin motsin da abu yake ɗauke da shi, kuma ana samunsa ta hanyar ninka nauyin abin da gudunsa, abin da littattafanku ke rubutawa p = mv. A nan sai a yi hattara da kalmar nauyi, domin a Hausa kalma ɗaya muke amfani da ita ga abubuwa biyu da fiziks ya raba, wato yawan jikin abu wanda ake aunawa da kilogiram, da kuma ƙarfin da ƙasa ke janyo abin da shi, wanda ake aunawa da niyuton. Duk inda na ce nauyi a wannan amsa, na kilogiram nake nufi. Tirela mai ɗauke da kaya wadda nauyinta ya kai kilogiram 30,000, idan tana rarrafe da gudun mita 2 a sakan, momentom ɗinta 60,000 ne, alhali babur da mahayinsa masu kilogiram 150, ko da suna sheƙa gudun mita 20 a sakan, nasu 3,000 ne kacal. Shi ya sa ba a tare tirela da hannu komai sanyin tafiyarta.

Abin da ya kayar da ke shi ne, gudun da ke cikin wannan lissafi gudu ne mai alkibla. Mita 10 a sakan zuwa gabas da mita 10 a sakan zuwa yamma ba abu ɗaya ba ne, ɗaya kishiyar ɗaya ne. Saboda haka kafin ki taɓa lissafin, sai ki zaɓi ɓangaren da za ki ba alamar tarawa, ɗaya ɓangaren kuma ya ɗauki alamar ɗebewa. Idan zuwa bango ne mai alamar tarawa, momentom ɗin ƙwallon kafin ya doki bango shi ne 0.45 sau 10, wato +4.5, bayan ya dawo kuma 0.45 sau −8, wato −3.6. Canjin da aka samu shi ne na ƙarshe a ɗebe na farko, −3.6 − 4.5, wanda ya ba da −8.1. Alamar ɗebewar tana faɗa miki ne cewa bangon baya ya tura ƙwallon. Idan kin ajiye alamomin kin dubi abin da ido, za ki ga bangon aiki biyu ya yi: ya tsayar da ƙwallon cik, wanda ya ci 4.5, sannan ya mayar da shi baya da gudun mita 8, wanda ya ci ƙarin 3.6. Amsarki ta 0.9 za ta yi daidai ne da a ce ƙwallon ya ratsa ta cikin labule ya ci gaba da tafiya gaba da gudun mita 8.

Kada wannan kuskure ya dame ki, domin manya sun riga ki yinsa. Masanin nan na Faransa, René Descartes, a littafin da ya fitar a 1644 ya auna adadin motsi da girman abu sau saurinsa ba tare da sanya alkibla cikin lissafin ba, kuma yawancin ƙa'idojin karo da ya gina a kan haka ba su tsaya ba da aka gwada su. Sai a tsakanin 1668 da 1669 John Wallis da Christopher Wren da Christiaan Huygens suka miƙa wa ƙungiyar masana ta Landan ƙa'idojin karo ingantattu, waɗanda suka lura da ɓangaren da kowane abu ya nufa. Tunanin cewa abin da aka jefa yana ɗauke da wani abu a jikinsa da ke sa shi ci gaba da tafiya kuwa ya girmi dukkansu, domin Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya yi magana a kansa a Kitabus Shifa, ya kira shi mail, wato karkata.

Imfols kuma shi ne ƙarfin da aka sa wa abu sau tsawon lokacin da ƙarfin ya ɗauka yana aiki a kansa, kuma abin da dokar motsi ta biyu ta Isaac Newton, wadda ya wallafa a 1687, ke faɗa shi ne wannan ninkin daidai yake da canjin da aka samu a momentom, wato Ft = mv − mu, inda F yake ƙarfi, t lokaci, m nauyi, u gudun farko, v kuma gudun ƙarshe. Ki ɗauki momentom kamar kuɗin da ke cikin asusunki, imfols kuma kamar kuɗin da aka zuba ko aka cire. Duka biyun da naira ake ƙirga su, amma ɗaya abin da kike da shi ne a wani lokaci, ɗayan kuma abin da aka yi miki ne tsakanin lokuta biyu. Haka ma'auninsu yake: kilogiram-mita a sakan da niyuton-sakan abu ɗaya ne a suna biyu. Saboda haka ba a cewa ƙwallo yana da imfols, sai dai a ce bango ya yi masa imfols.

Ga inda nake so ki fi tsayawa, domin a nan ne amfanin babin duka yake. Idan abu zai tsaya, adadin motsin da za a cire masa ƙayyadadde ne, babu ragi babu ƙari, amma ƙarfin da za a ji wajen tsayar da shi ba ƙayyadadde ba ne, ya dogara da lokacin da aka ba tsayawar. Ki lura da masu sauke kankana daga mota a kasuwa, yadda na sama yake jefowa, na ƙasa kuma ba ya ƙame hannuwansa, sai ya tare ta ya bi ta da hannu zuwa ƙirjinsa kafin ya tsayar da ita. Kankana mai kilogiram 5 da ke gudun mita 4 a sakan tana da momentom 20. Idan mai caɓewa ya shimfiɗa tsayawar a kan rabin sakan, matsakaicin ƙarfin da ake buƙata niyuton 40 ne. Idan kuwa ta kuɓuce ta faɗa kan siminti ta tsaya cikin kashi ɗaya bisa ɗari na sakan, wannan 20 ɗin dai za a raba da 0.01, a sami niyuton 2,000, kuma ba sai na faɗa miki abin da zai sami kankanar ba. Mai daka kuma akasin haka take nema, domin so take taɓarya ta tsaya farat ɗaya a gindin turmi, ƙanƙancin lokacin ya haifar da ƙarfin da zai farfasa hatsi. Wanda ya taɓa gwada daka a turmin da aka ɗora kan katifa ko yashi mai laushi ya san wahalar banza ce. A lissafinki ma, da an ce ƙwallon ya taɓa bango na tsawon sakan 0.02, sai ki raba 8.1 da 0.02 ki sami niyuton 405. Ki tuna cewa matsakaici ne, domin ƙarfin yakan faro daga sifili ya hau ƙololuwa ya sauko, kuma idan aka ba ki zanen ƙarfi da lokaci a jarrabawa, faɗin filin da ke ƙarƙashin layin shi ne imfols.

Tambaya ta biyu, daga wani mai gyaran jikin mota a Kaduna:

“Malam, barka da aiki. Na fi shekara ashirin ina buga jikin mota. Motocin da ƙarfe ne na gaske, su yi karo ka ga ɗan lotsawa kaɗan. Na yanzu kuwa ɗan gwabzawa kaɗan sai gaban ya murƙushe kamar gwangwani. Wani yarona da ke makaranta ya ce wai da gangan ake yin su haka. Shin gaskiya ne, ko dai rowar ƙarfe ce kawai?”

Barka kadai, maigida. Yaronka bai yi ƙarya ba, kuma amsar da na ba ɗalibar Gusau ita ce taka, sai dai a nan kankanar mutum ne. A ce direba mai nauyin kilogiram 70 yana tafiya da gudun kilomita 72 a awa, wanda ya yi daidai da mita 20 a sakan. Jikinsa yana ɗauke da momentom 1,400, kuma idan motar ta daki bishiya, dole a cire masa wannan 1,400 ɗin gaba ɗaya, ko motar ta ƙarfe ce ko ta gwangwani. Abin da ya rage a hannun maƙera mota shi ne lokaci kawai. Bari in zaɓi lokuta biyu don misali. Idan jikin ya tsaya cikin sakan 0.01, kamar wanda ya tashi daga kujera ya daki sitiyari ko gilashin gaba, matsakaicin ƙarfin da zai sauka a kansa niyuton 140,000 ne, wato kamar ninki ɗari biyu na ƙarfin da ƙasa ke janyo shi da shi, wanda bai wuce niyuton 700 ba. Idan aka ja tsayawar ta kai sakan 0.1, ƙarfin ya sauko zuwa niyuton 14,000. Har yanzu duka ne mai tsanani, amma tsakanin waɗannan lambobi biyu ne ake samun bambancin wanda aka kai asibiti da wanda aka kai makwanci.

Gaban motar da kake gani ya murƙushe, wannan lokacin yake saya. Ƙarfen da ke naɗewa sannu a hankali yana sa ɗakin da fasinjoji ke ciki ya ɗauki lokaci mai ɗan tsawo kafin ya tsaya, alhali motar da ta ƙi lotsawa tsayawa take yi nan take, ta miƙa wa na ciki dukan gaba ɗaya. Injiniya Béla Barényi na kamfanin Mercedes-Benz ne ya yi rajistar wannan dabara a farkon shekarun 1950, inda ya raba mota gida uku, gaba da baya masu lotsawa, tsakiya kuma mai tauri, kuma a 1959 aka fara sayar da motocin da aka ƙera bisa wannan tsari. A shekarar 1959 ɗin ce kuma kamfanin Volvo na Suwidin ya fara sa bel mai maɗauri uku, wanda injiniyansa Nils Bohlin ya tsara, irin wanda ke ratsa kafaɗa da ƙugu da muke gani a kowace mota yau.

Sai dai akwai sharaɗin da direbobinmu da yawa ba sa so a faɗa musu. Lotsawar gaban mota tana amfanar wanda ke tsayawa tare da motar ne kaɗai, wato wanda bel ya ɗaure shi da kujera. Wanda bai ɗaura ba, motar tana rage gudu shi kuwa jikinsa yana ci gaba da mita 20 ɗinsa a sakan, har sai ya isa ga sitiyarin da ya riga ya tsaya, ya yi nasa karon na daban cikin ƙiftawar ido. Jakar iskar da ke fitowa daga sitiyari da hular kwano ta masu babur duk aikinsu ke nan, su ja lokacin tsayawa su kuma baza ƙarfin a kan fili mai faɗi. A hular kwano ma, soson nan mai tauri da ke ciki shi ne yake murƙushewa ya sayi lokacin, shi ya sa wadda ta taɓa shan mugun duka ba a sake dogara da ita ko da bayanta bai nuna tsaga ba.

Tunda sana'arka ce, zan ƙara maka abu ɗaya. Ƙarfen gaban da aka tsara don ya naɗe ta wata hanya, idan ya naɗe aka gasa shi aka miƙe, ko aka yi masa walda da ƙarin ƙarfe don ya yi tauri, ba lallai ya sake naɗewa yadda aka tsara ba a karo na gaba. Mai mota zai ji daɗin ganin gabanta ya yi ƙwari, amma a ra'ayina gara ka gaya masa abin da ya saya da wannan ƙwarin.

Tambaya ta uku, daga wani malamin firamare a Birnin Kudu:

“Malam, mahaifina mafarauci ne, kuma na taso ina ganin bindiga tana tokarin kafaɗarsa idan ya harba. Na karanta cewa momentom ɗin da harsashi ya tafi da shi gaba daidai yake da wanda bindiga ta dawo da shi baya. Idan haka ne, me ya sa harsashi ke kayar da gada, gindin bindiga kuwa bai taɓa kayar da mahaifina ba?”

Malam, abin da ka karanta gaskiya ne, kuma tambayarka ta fi ta ɗalibai da yawa zurfi. Kafin a harba, bindiga da harsashi suna tsaye, jimillar momentom ɗinsu sifili ce. Lokacin da albarushi ya kama, iskar da ta fashe tana tura harsashi gaba tana tura bindiga baya da ƙarfi iri ɗaya cikin lokaci iri ɗaya, kamar yadda dokar Newton ta uku ta tanada, saboda haka imfols ɗin da kowannensu ya samu daidai yake da na ɗayan, sai dai alkiblarsu ta saɓa, jimillar kuma ta zauna a sifili. Wannan ita ce ƙa'idar adana momentom, kuma tana aiki ne matuƙar babu wani ƙarfi daga waje da ya shiga tsakani. A ce bindigar kilogiram 4 ce, harsashin kuma giram 20, wato kilogiram 0.02, ya fita da gudun mita 300 a sakan. Momentom ɗinsa 6 ne, don haka bindigar za ta dawo da 6 a raba da 4, wato mita 1.5 a sakan, idan muka kau da kai daga ɗan abin da hayaƙin albarushi ya tafi da shi. Ita ce ƙa'idar da ke sa kwalekwale ya ja baya idan mutum ya yi tsalle daga cikinsa zuwa gaɓa, ita ce kuma ke tafiyar da roka a sararin da babu iskar da za ta dogara da ita, domin abin da take yi kawai shi ne watsa hayaƙi baya da gudu mai tsanani.

Abin da ya raba harsashi da gindin bindiga wani ma'auni ne daban, wato makamashin motsi, wanda ake samu ta ninka rabin nauyi da gudu sau gudu. Tunda gudu sau biyu yake shiga wannan lissafi, ƙaramin abu mai tsananin gudu yakan kwashe kaso mafi tsoka. Harsashin namu yana da rabin 0.02 sau 300 sau 300, wato jul 900 (jul shi ne ma'aunin makamashi), bindigar kuwa rabin 4 sau 1.5 sau 1.5, wato jul 4.5 kacal. Momentom ɗinsu ɗaya, amma makamashin harsashi ya ninka na bindiga sau ɗari biyu, sannan duk a kan ɗan tsinin da bai kai kan yatsa ba yake sauke shi, alhali gindin bindiga faffaɗan katako ne.

Masana sun daɗe suna jayayya a kan wanne ne ma'aunin motsi na gaskiya cikin biyun nan, tun daga 1686 da Gottfried Leibniz na Jamus ya ƙalubalanci mabiya Descartes ya ce a ninka gudu da kansa, kuma an shafe shekaru da dama kafin a yarda cewa kowanne tambayarsa yake amsawa. Momentom yana faɗa maka tsawon lokacin da wani ƙarfi zai ɗauka kafin ya tsayar da abu, makamashi kuma yana faɗa maka nisan da abin zai ci kafin ya tsaya. Koma ga tirela da babur na amsar farko, ka sa wa kowannensu birki mai ƙarfin niyuton 1,000. Tirelar za ta ɗauki sakan 60, babur ɗin sakan 3, bambancin ninki ashirin ke nan kamar yadda momentom ɗinsu ya nuna. Amma a nisa, tirelar mita 60 za ta ci, babur ɗin mita 30, ninki biyu kawai, domin makamashinsu jul 60,000 ne da jul 30,000. Akwai kuma wani bambancin da ɗalibanka za su haɗu da shi idan sun kai sakandare: a kowane karo jimillar momentom ba ta canzawa, amma makamashin motsi yakan ragu, ya koma zafi da ƙara da lotsawar ƙarfe. Mota mai kilogiram 1,000 da ke gudun mita 15 a sakan, idan ta daki wata mai kilogiram 500 da ke tsaye suka manne, tare za su tafi da gudun mita 10 a sakan, momentom yana nan 15,000 kafin karo da bayansa, amma makamashi ya sauko daga jul 112,500 zuwa 75,000.

Na tabbata ka lura mahaifinka ba ya barin tazara tsakanin gindin bindiga da kafaɗarsa, matse ta yake yi sosai kafin ya ja kunama. Idan ya bar tazara, bindigar za ta tashi ita kaɗai da mita 1.5 ɗinta a sakan ta zo ta daki ƙashin kafaɗa ta tsaya nan take, irin tsayawar kankana a kan siminti. Idan kuwa ya matse ta, shi da bindigar sun kusa zama jiki ɗaya, sai a raba wancan 6 ɗin da nauyinsu su biyu. Mutum mai kilogiram 60 da bindiga mai kilogiram 4 sun zama 64, kuma 6 a raba da 64 bai kai santimita 10 a sakan ba, abin da ƙafafunsa da ke dafe da ƙasa za su shanye ba tare da ya gusa daga inda yake tsaye ba.